Amsa ga ɗan yayata da ke Tahoua, kan titin nan na Heidelberg

Ɗana, na ga saƙonninka, na kuma saurari na murya duka. Tun da na sa bidiyon nan a status ina tafiya a babban titin Heidelberg a nan Jamus wayata ba ta huta ba, kai ka ce min "Kawu ko shara ce zan riƙa yi a titin nan na yarda, ka jawo ni kawai", abokanka na fada su ma kowa da irin tasa. To bari in amsa a nan gaba ɗaya kowa ya karanta, don wallahi na gaji da maimaita magana ɗaya ga mutum goma.

Titin dai gaskiya ne, ba haɗin kwamfuta ba ne. Sunansa Hauptstrasse, ya tashi daga Bismarckplatz inda taragon cikin gari da bas suke sauke mutane, ya miƙe har ƙofar Karlstor, tsawonsa ya kai kilomita ɗaya da rabi da ƴan kai, kuma tun 1978 aka hana motoci bin mafi yawansa, sai ƙafa. Ko keke ba a yarda ka hau da rana ba, masu keke suna bin wani siririn titi na gefe da ake ce wa Plöck, inda babban ɗakin karatun jami'a yake. Kana tafiya shaguna dama da hagu, na tufafi, na littattafai, na cakulan, akwai wani ma da ba ya sayar da komai sai kayan adon Kirsimeti shekara cur. Ka wuce dandalin jami'a, jami'ar da aka kafa tun 1386, ita ce mafi tsufa a Jamus ta yau, ka iso Marktplatz inda babbar cocin nan ta jan dutse take, kana fuskantar wani gida mai suna Zum Ritter da aka gina a 1592, fuskarsa duk sassaƙa ce tun daga ƙasa har sama. Shi ne gidan da ka tambaye ni ko fadar sarki ce. Ba fada ba ce, wani ɗan kasuwar tufafi ne ya gina abinsa, yanzu otal ne. Yana cikin ƴan gidajen da suka tsira lokacin da sojojin Faransa suka ƙone garin a 1693, su ne kuma suka fasa fadar da kake hangowa a kan dutse, a 1689 da 1693, shi ya sa ka ganta kango, hasumiya ɗaya ta tsage rabinta ya zube ƙasa har yau yana nan kwance. A yaƙin duniya na biyu kuwa garin bai sha bom kamar maƙwabciyarsa Mannheim ba, dalilin da ya sa tsofaffin gine-ginen suke tsaye kenan kuma duniya take tururuwa zuwa kallo.

Ina son titin nan, ba zan ɓoye maka ba. Da yamma lokacin zafi in rana ta bugi jan dutsen fadar, ka karkata hagu ka gangara tsohuwar gadar kogin Neckar wadda aka gina a 1788, ka tarar da mutane sun yi layi suna shafa madubin da ke hannun gunkin birin nan na tagulla wai don su samu arziki, har wurin ya yi ƙyalli saboda shafa, to abin kallo ne. Ranar Asabar cunkoso kamar kasuwa ana gobe salla, ƴan Sin, ƴan Koriya, Amurkawa, Larabawan Gulf da iyalansu, kowane ayari da jagoransa riƙe da ƴar tuta ko lema a sama don kada a ɓace.

Amma ɗana ka lura da su wane ne suke wannan yawon. Mutane ne da suka zo kashe kuɗi, su kwana biyu su koma gidajensu. Kofi ɗaya a zaune a Marktplatz zai ci maka kusan yuro 4, ka lissafa da kanka, yuro ɗaya sefa 656 ne, wato sama da jika biyu da rabi kan abin da ba zai kai maka ko'ina ba. Ruwan sha saye ake, ban ɗaki ma a wurare da yawa sai ka jefa kuɗi. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Wanda ya zo neman abinci ba ta ƙofar gaba yake sanin titin nan ba.

Ni ta ƙofar baya na san shi. Lokacin da nake ɗalibi na yi wankin kwanoni a wani gidan abinci da ke wani lungu a jikin titin, kicin ɗin yana ƙarƙashin ƙasa, babu taga, tururi ya cika ko'ina, injin wanki yana fitar da faranti da zafin da sai ya ƙone maka yatsu kafin ka saba. Da sassafe, kafin masu yawon buɗe ido su farka, ana barin motocin kaya su shigo, a lokacin ne za ka ga su wa ke riƙe da titin: ƴan Gambiya, ƴan Eritrea, ƴan Siriya, ƴan Romaniya, muna sauke akwatunan lemu da buhunan dankali cikin sanyin da ke sa farce ciwo. In ƙarfe sha ɗaya ta yi kowa ya nutse ƙasa, sai hannunka kawai da ke miƙo faranti. Naman alade shi ne rabin abin da ake dafawa a irin waɗannan wurare, kai za ka kankare kaskonsa, kai za ka wanke kofunan giya, warin ya bi ka har cikin rigar sanyinka. Na sha tsayawa salla a ɗakin ajiye kaya tsakanin kwalaye, a kan kwalin da na shimfiɗa. Kuma mai gidan, Allah ya isa tsakanina da shi, ya riƙa rubuta min awoyi ƙasa da waɗanda na yi don ya san ba ni da bakin da zan yi gardama da Jamusanci a lokacin. Wannan abin har yau in na tuna raina yana ɓaci, ba don kuɗin ba, don yadda yake kallona yana murmushi alhali mu biyun mun san ya cuce ni.

Abin da ya fi wankin kwanoni ciwo kuwa shi ne neman ɗaki. Garin ƙarami ne, mutanensa wajen dubu 160, ɗaliban jami'ar kaɗai kusan dubu 30, kowa yana neman inda zai sa haƙarƙarinsa. Ɗaki ɗaya a gidan da za ku haɗa kicin da ban ɗaki da wasu, yuro 500 ba abin mamaki ba ne. Ka rubuta saƙo babu amsa, in an amsa an kira ka sai ka tarar da wasu da yawa sun zo ganin ɗakin, a zaunar da kai ana maka tambayoyi. Akwai matar da muka gama magana lafiya lau a waya, da na iso ta buɗe ƙofa ta gan ni sai ta ce ai an riga an ba wani, ko gaisuwata ba ta amsa ba. Na koma titin nan na yi ta tafiya daga wannan ƙarshen zuwa wancan, dubban mutane suna wuce ni suna dariya suna lasar askirim, babu wanda ya dube ni balle ya ce sannu. Kai da ka tashi a Tahoua inda ba ka isa ka wuce ƙofar gida uku ba a tsayar da kai an tambayi lafiyar mutanen gida ba, ba ka san wannan irin kaɗaicin ba, kuma ba na maka fatan saninsa ba shiri. Ba na cewa duk Jamusawa haka suke, wani tsoho Bajamushe ne daga baya ya ba ni ɗaki a ƙauyen da ke wajen gari, ya zauna da ni yana gyara min takardu kyauta, Allah ya saka masa. Amma kafin ka gamu da irinsa ka sha wuya.

Yanzu maganar kuɗi, tunda ka ce karatu ma kana so. Kafin a ba ka bizar ɗalibi sai ka nuna kana da abin da za ka ci shekara guda, a zuba shi a wani asusun banki da ake kullewa, tun daga ƙarshen 2024 yuro 11,904 ne, kusan sefa miliyan 7 da jika 800, kuma ba a barin ka ka ciri fiye da yuro 992 a wata. Ka cire kuɗin ɗaki, ka cire inshorar lafiya wadda dole ce kuma ta haura yuro 120 a wata, ka cire yuro 18.36 na rediyo da talabijin da ake karɓa kan kowane gida ko kana kallo ko ba ka kallo, sai ka ga abin da ya rage na tuwo. Sannan waɗanda suke gaya muku karatu kyauta ne a Jamus ba su gaya muku duka ba: jihar Baden-Württemberg, inda Heidelberg take, tun 2017 tana karɓar yuro 1,500 kowane zangon wata shida daga ɗaliban da ba ƴan Tarayyar Turai ba, kusan miliyan ɗaya kenan na sefa, sau biyu a shekara. Yawancin sauran jihohin ba sa karɓar wannan, don haka in karatun ne da gaske ba dole sai garin da ka gani a bidiyo ba. Aiki kuma doka ta yanka wa ɗalibi, kwana 140 cikakku ko rabin yini 280 a shekara, mafi ƙarancin albashi a 2025 yuro 12.82 ne a awa. In ka juya shi zuwa sefa sai kanka ya yi girma, amma a nan za ka kashe shi ba a Tahoua ba.

Na ji kuma kana matsa wa Yaya ta sayar da filinta. Kada ka kuskura. Filin nan shi ne kaɗai abin da mahaifinku ya bar mata, kuma kuɗinsa ko shekara ɗaya ba lalle ya riƙe ka a nan ba. In ya ƙare ka zauna ba ka da na sabunta takardar zama, ita kuma ta zauna ba fili ba ɗa, wa zai ɗauki wannan alhakin?

Sharar da ka ce za ka yi, babu wata biza da ake ba mutum daga Nijar don ya zo ya share titi. Na san abin da ke bayan wannan maganar, hanyar Agadez ce da Libiya da teku, mu Adarawa ba yau muka fara tafiya biɗa ba, kakanninmu sun ci rani a Abidjan, iyayenmu sun je Libiya, amma wannan daban ce. A wajen wannan Heidelberg ɗin dai akwai wani tsohon barikin iyalan sojojin Amurka, Patrick Henry Village, nan ne ake tara masu neman mafaka a yi musu rajista a ɗauki hoton yatsunsu. Na je can na ga yaranmu na Afirka ta Yamma. Waɗanda na sani yawancinsu an ƙi ba su mafaka, wasu an ce su koma Italiya inda aka fara ɗaukar yatsunsu, wasu suna riƙe da takardar da kawai ke cewa an ɗage korarsu zuwa wani lokaci. Su ma suna zuwa titin nan ranar Lahadi, su tsaya gaban gada su ɗauki hoto da riga mai kyau su tura gida, in sun juya kuma wasunsu suna leƙa kwandon shara suna tsintar gorunan roba, don kowace ɗaya ana mayar da ita shago a karɓi santim 25. Waɗannan ma su ne suka tsallake teku da rai.

In kana son zuwa, hanya tana nan amma mai tsawo ce, kuma harshe ne farkonta. Ka fara koyon Jamusanci tun kana gida, da gaske, ba na "guten Tag" a fada ana shan shayi ba, ka kai matakin B1 ko B2 ka samu takardar shaida. Jami'a tana neman jarrabawar Jamusanci ta DSH ko TestDaF, kuma da yawa daga cikinmu sai da muka yi shekara a ajin share fage da ake kira Studienkolleg kafin a yarda da bak ɗinmu, wato takardar gama sakandare. Akwai kuma koyon sana'a, Ausbildung, musamman aikin jinya, shekara uku kana koyo ana biyanka sama da yuro dubu a wata, kuma suna neman mutane sosai. Ga wanda iyayensa ba su da miliyoyi, ni wannan nake ganin ta fi. Aiki ne mai nauyi, za ka wanke tsofaffi ka juya marasa lafiya ka yi aikin dare, in kana da ƙyanƙyami ka faɗa tun yanzu.

Ka kuma shirya wa hunturu. A Disamba rana ba ta fitowa sai bayan takwas, kafin biyar ta faɗi, azahar da la'asar da magariba duk suna riskarka a wurin aiki, ba kiran salla ba mai tuna maka, in ba ka riƙe kanka ba sai ka wayi gari ka yi sati ba ka kalli gabas ba. Juma'a ni Mannheim nake zuwa a jirgin ƙasa, can ne babban masallacin Turkawa yake da shagunan naman halal.

Ni alhamdulillahi na gama karatuna, ina aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje a Neuenheimer Feld, hayin kogi inda asibitoci suke, da takardata mai kyau da gumina, ba wanda ya ba ni a tafin hannu. Yau in na shiga gidan abinci a titin nan ta ƙofar gaba nake shiga in zauna a kawo min, kuma in wani ya nemi raina min hankali zan mayar masa da Jamusancin da zai gane. Wannan nake so maka, ba ƙasa da haka ba, shi ya sa nake maka magana da zafi.

Don haka ka turo min hoton takardar bak ɗinka da makinka na jami'a in duba abin da za a iya yi da su. Kuɗin darasin Jamusanci na wata shida na farko ni zan biya, kai tsaye ga makarantar ba hannunka ba, in na ga sakamako mu ci gaba. Kada ka ba kowa ko dala kan zai samo maka biza. Ka gaida Yaya da ƙannenka, ka ce mata zan kira ta ranar Lahadi bayan la'asar.