Tabo Da Bambancin Kan Nono Bayan Tiyatar Rage Nonon Namiji

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. Ni matashi ne ɗan shekara 27. Wata uku ke nan da aka yi mini tiyatar rage nono, bayan na daɗe ina jin kunyar cire riga a gaban mutane. Yanzu kan nonon dama ya lotsa ciki, na hagu kuma ya turo waje, sannan tabon ɗinkin hagu ya taso, ya yi duhu, yana ƙaiƙayi da dare. Wani mai kemis ya ce in zo ya yanke mini tabon ya yi mini allura, wani aboki kuma ya kawo mini man haskaka fata. Hankalina a tashe yake, domin saura wata biyar aurena. Shin aikin ya lalace ne?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya ba ka lafiya, Ya sa albarka a auren. Kwantar da hankalinka, domin a wata uku babu likitan da zai yanke hukunci cewa aikin ya lalace. Kumburin cikin ƙirji yakan ɗauki wata uku zuwa shida kafin ya gama sacewa, kuma ba lallai ba ne ɓangarorin biyu su sace tare, musamman idan tun farko ɗaya ya fi ɗaya girma. Nonon hagu da ya turo zai iya zama kumburi ne, ko ruwa da ya taru a ƙarƙashin fata, ko taurin warkewa, ko kuma sauran curin naman da ba a gama cirewa ba. Taɓawar likita da hoton duban cikin jiki ne za su bambance su. Na dama da ya lotsa shi ya fi buƙatar a sa masa ido, domin yakan faru idan an kwashe naman da ke ƙarƙashin kan nono da yawa, ko kuma fata ta manne da tsokar ƙirji. Idan mannewa ce, tausa a hankali kullum takan sake ta. Idan kuwa rami ne na gaske, ana cike shi da kitsen jikinka, amma ba a yin wannan gyara sai an cika aƙalla wata shida, sau da yawa ma shekara guda.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne maganar mai kemis. Akwai wani tunani da ya yi kaka-gida a zukatan mutane, wai tabon da ya taso nama ne da ya yi yawa, saboda haka da an yanke shi ko an ƙone shi magana ta ƙare. Wannan tunani ya nakasa ƙirjin mutane da kunnuwansu ba adadi, kuma kusan kullum muna ganin sakamakonsa a asibiti. Tabon da ya taso iri biyu ne. Akwai wanda yake kumbura amma ya tsaya a kan layin ɗinki, wannan yakan kwanta da kansa cikin wata 12 zuwa 18. Akwai kuma kiloyid, wanda yake tsallake iyakar ciwon ya ci lafiyayyar fata, kuma ya fi kama baƙar fata irin tamu, musamman a ƙirji da kafaɗa da kunne. Asalin kiloyid shi ne jikin mutum bai san inda zai tsaya da ɗinke rauni ba. To, wanda ya sa reza ya yanke shi me ya yi? Sabon rauni ya buɗe, mafi faɗi, a jikin da tuni ya nuna cewa ba ya iya tsayar da warkewa. Shi ya sa kiloyid da aka yanke ba tare da wani magani ya biyo baya ba yake dawowa a mafi yawan lokuta, kuma sau da yawa ya fi na farko girma. Mu da muke da ɗakin tiyata ma ba ma yanke shi sai mun tanadi allura ko gashin haske (wato gasa wurin da hasken na'urar asibiti) da za a bi shi da su, balle wanda zai yi a bayan kanta tsakanin kwalayen magani.

Haka nan tsagar wanzami, da ƙaho, da shafa kanwa ko toka ko wani haɗi mai cin fata, duk rauni suke ƙarawa. Kan nono kuwa bayan irin wannan aiki jinin da ke isa gare shi ya ragu, don haka ƙuna ko ƙwayar cuta za su iya kashe shi gaba ɗaya, kuma kan nonon da ya mutu ba ya tsirowa.

Allurar da mai kemis ya ambata gaskiya ce akwai ta, sunanta triamcinolone, kuma muna amfani da ita. Amma a cikin tsakiyar tabon ake yin ta, da ma'auni, duk bayan mako huɗu zuwa shida. Idan ta zube a ƙarƙashin fata sai ta narkar da kitsen wurin, fatar ta yi siriri ta yi fari, mutum ya koma da rami da ɗigon fari a baƙin ƙirji. Ina takaicin yadda ake sayar da wannan magani kamar alewa, kowa ya ɗauki sirinji ya zama likita. Man haskaka fata shi ma ka mayar wa abokinka. Yawancinsu suna ɗauke da sinadarin clobetasol ko hydroquinone, suna sirantar da fata, suna jinkirta warkewa, kuma dogon amfani da su yakan bar baƙin da ya fi wanda ake gudu.

Abin da za ka yi shi ne ka koma wurin likitan da ya yi maka aikin cikin wannan makon, ko ka je sashen tiyatar gyaran jiki na asibitin koyarwa mafi kusa da kai, kamar na Aminu Kano ko na Shika a Zariya. Ka fara manna filastar silikon a kan tabon, aƙalla awa 12 a rana, har wata biyu zuwa uku. Kada ka sosa shi, kada ka bar rana ta riƙa dukansa, kuma idan kana shan sigari ka daina. Ka guji ƙwayoyi da alluran gina tsoka da ake tallatawa a wuraren ɗaga ƙarfe, domin su kan dawo da nonon. Idan ka ga mugunya, ko zazzaɓi, ko kumburi mai zafi da ya taso farat ɗaya, ko jini na fita daga kan nono, ko kan nonon ya yi baƙi ƙirin, kada ka jira ranar ganin likita, ka tafi asibiti a ranar. Wata biyar da suka rage maka sun isa a yi maka allura uku ko huɗu idan likita ya ga buƙatarta, ƙaiƙayin ya lafa, tabon ya fara kwanciya kafin biki.