Babban wanmu ya riƙe dukiyar gado shekara 6, yana cewa an ba shi kyauta

Tambaya: Malam, mahaifinmu attajiri ne, ya rasu ya bar mata 2, 'ya'ya maza 5 da mata 4, iyayensa sun riga shi rasuwa. Ya bar kamfani da gidaje da gidajen mai. Babban wanmu ya ce gidan mai ɗaya Baba ya ba shi, sunansa ne ma a takarda, kuma wai raba sauran zai kashe kamfanin. Mene ne hukunci?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. 'Yar'uwa, Allah ya jiƙan mahaifinku. Tun ranar da ya cika dukiyar ta zama ta magada duka. Wanku ɗan amana ne a kanta, kuma hana mai haƙƙi haƙƙinsa shekara 6 bayan ya nema zalunci ne.

Batun kyautar shi ne inda manyan gidaje suka fi watsewa. A mazhabar Malikiyya kyauta ba ta kammala sai da hauzi, wato wanda aka bai wa ya karɓe ta a hannunsa tun mai bayarwa yana raye da lafiyarsa, kuma shaidu su ga karɓar da idonsu. Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Abubakar ya ba Nana A'isha dabino wasaƙi 20 (wasaƙi ma'aunin awo ne) a gonarsa ta Gaba kusa da Madina, ba ta girbe ba har ajalinsa ya kusato, sai ya ce mata yanzu ya zama dukiyar magada. Don haka suna a takarda kaɗai bai isa ba, domin attajirai kan sa sunayen 'ya'yansu don sauƙin hulɗa da banki. A duba: kuɗin cinikin man asusun wa yake shiga? Wa ke biyan ma'aikata? In Baba ne har ya rasu, gidan man gado ne. In kuma a ciwon ajali aka bayar, hukuncin wasiyya ya hau kanta, kuma babu wasiyya ga magaji sai in sauran magada sun yarda. Kawo hujja a wuyan wanku yake. In ya tabbatar da hauzi, kyautar ta zauna a wurin jumhur, wato mafi yawan malamai, duk da Annabi (SAW) ya ƙi yin shaida a kan irinta, wato fifita ɗa ɗaya da kyauta, a hadisin Nu'umanu ɗan Bashir.

Rabon kuwa, sai an fitar da kuɗin jana'iza, sannan bashi, har da sauran sadakin matansa in akwai, sannan wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba. A ƙaddara naira miliyan 800 ta rage. Matan biyu su raba tumuni, wato ɗaya bisa takwas, miliyan 100, kowacce 50. Miliyan 700 a kasa ta 14, domin namiji yana da rabon mata biyu: kowane namiji 100, kowace mace 50, kamar yadda aya ta 11 da ta 12 na Suratun Nisa'i suka tsara. Ribar shekara 6 ma haka za a raba ta, bayan an cire wa wanku ladan aikinsa daidai da abin da ake biyan manaja irinsa.

Maganar kashe kamfani ba hujja ba ce. Ana iya rubuta wa kowa hannun jarinsa gwargwadon kasonsa, kasuwanci ya ci gaba. Mai son fita a saye rabonsa da farashin yau, bayan masana sun yi wa kadarorin kuɗi; sulhun da aka matsa wa mace ta sa hannu ba tare da ta san adadin dukiyar ba, ba ya halatta wa kowa haƙƙinta. Ku fara da dattawan dangi da malami masanin fara'ili, wato ilimin rabon gado. In ya ƙi, ki kai ƙara kotun shari'ar Musulunci, wannan ba yanke zumunci ba ne. Wallahu a'alam.