Me ya hana Bulgariyawa cin Kustantiniyya?

Malam ka tambaya wai tunda Bulgariyawa sun sha lallasa Rumawa a fagen daga, me ya hana su cin Kustantiniyya, babban birnin Rumawan. To gaskiya ganuwa ce da teku.

Ka duba shekarar 811, sarkin Rum Nikiforos ya shiga ƙasarsu ya ƙone Pliska babban birninsu, yana hanyar komawa Krum sarkin Bulgariyawa ya yi masa kwanton ɓauna a wata matsattsiyar hanya tsakanin duwatsu, aka tare hanyar da katangar itace, aka kashe sarkin da ɗimbin sojojinsa. Har ƙoƙon kansa aka lulluɓe da azurfa Krum yana shan giya a ciki, wallahi abin akwai tashin hankali.

A 813 Krum ya zo har ƙofar Kustantiniyya amma ina, ga gwalalo mai faɗi, ga ƙaramar ganuwa, bayanta kuma babbar mai hasumiyoyi, doki ba ya hawa wannan. Ya ƙone ƙauyukan kewaye ya ci birnin Adiriyanopul, ya koma yana haɗa manyan majaujawa sai ajali ya riske shi a 814.

Sannan Bulgariyawa ba su da jiragen ruwa, abinci na shigo wa birnin ta teku kullum, to yaya za ka sa su yunwa? Shi ya sa Simiyon, wani sarkinsu na baya, bayan nasararsa ta 917 a kan Rumawa, ya aika wa Fatimiyawa na Arewacin Afirka neman jirage, Rumawa suka cafke manzannin a hanyar dawowa.