Shin goyon bayan jama'a yana wanke mai gabatar da shiri daga zargin wariya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai sauraron rediyo ne daga unguwar Birni a nan Damagaram. Gardama ta kaure a fadarmu ta shan shayi a kan labarin wani mai gabatar da shiri a Ingila da aka raba shi da aikinsa bisa zargin wariyar launin fata, sai jama'a suka yi ca a kan gidan rediyon suna neman a mayar da shi. Wasunmu sun ce tunda mutane da yawa sun tsaya masa ba shi da laifi, wasu kuma suka ce son kai ne kawai. Ina gaskiyar take, kuma da a Nijar abin ya faru, me doka ta tanada?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Yawan magoya baya yana nuna irin ƙaunar da masu sauraro suke yi wa mutum, amma ba shi ne ma'aunin laifi ba. Inda goyon bayan jama'a yake da nauyi shi ne wurin duba ko hukuncin ya yi daidai da girman kuskuren, da kuma ko haka ake yi wa kowa. Da alama waɗannan abubuwa biyu ne suka cakuɗe a fadarku.

Labarin da ka kawo ya yi kama da na David Lowe, dattijon da ke gabatar da shirin tsofaffin waƙoƙi a reshen rediyon BBC na yankin Devon a Ingila. A shekarar 2014 ya sa wani faifai na 1932 wanda a cikin baitukansa akwai kalmar nan ta ƙasƙanci da Turawa suke kiran baƙar fata da ita. Ya ce bai san kalmar tana ciki ba, ya kuma nemi ko dai ya ba da haƙuri a iska ko ya ajiye aiki, sai shugabanninsa suka zaɓi ya tafi. Abin da ya harzuƙa mutane shi ne a daidai wannan lokaci ana zargin Jeremy Clarkson, shahararren mai shirin motoci a talabijin ɗin BBC, da furta wannan kalma, amma bai rasa aikinsa ba. Har firaministan Birtaniya na lokacin, David Cameron, da magajin garin Landan na lokacin, Boris Johnson, sun sa baki. BBC ta amsa cewa ba ta tafiyar da lamarin yadda ya kamata ba, ta yi masa tayin komawa, shi kuma ya ƙi saboda rashin lafiya. A ganina jama'a sun yi gaskiya a nan, domin ba su ce kalmar mai kyau ce ba. Cewa suka yi an yi wa ƙarami hukuncin da aka kasa yi wa babba.

Na Danny Baker, wani mai gabatar da shiri a rediyon BBC, kuwa ya sha bamban. A watan Mayun 2019, bayan haihuwar ɗan Yarima Harry da Meghan, wadda mahaifiyarta baƙar fata ce, ya wallafa hoton biri sanye da tufafi a Twitter a matsayin jaririn gidan sarauta. BBC ta sallame shi nan take. Ya ce bai yi tunanin launin fata ba, kuma masoyansa sun ci gaba da cika zauren wasanninsa suna yi masa tafi, sai dai tafin bai goge tarihin ɗaruruwan shekaru na kwatanta baƙar fata da biri ba, kuma wanda ya daɗe a wannan sana'a ba a karɓar uzurin rashin sani daga gare shi cikin sauƙi. A Amurka ma, a watan Afrilun 2007, kamfanin CBS ya kori mai shirin rediyo Don Imus bayan ya ci mutuncin ƴan wasan kwando mata na jami'ar Rutgers, waɗanda galibinsu baƙar fata ne. Dakatarwar mako biyu aka fara yi masa, sai da manyan masu talla suka janye sannan aka kore shi, kuma kafin ƙarshen shekarar ya koma iska a wata tashar. Ka ga ke nan kora da mayarwa sau da yawa lissafin kuɗi ne, ba hukuncin alƙali ba.

Akwai dalilin da ya sa mai rediyo yake samun irin wannan kariya. Muryarsa tana shiga ɗaki kafin a karya kumallo, tana raka tela a bakin kekensa a kasuwar Dole, tana zaune da ku a fada har a sauke shayi na uku. Shi ne ya karanta sanarwar rasuwar mahaifinka, ya kuma gaishe ka da suna ranar da aka yi maka haihuwa, don haka idan aka taɓa shi sai ka ji kamar ɗan gida aka taɓa. Amma waɗanda suke bugo waya suna cewa a mayar da shi yawanci ba su ne maganar ta sara ba. Wanda aka ƙasƙanta galibi yakan kashe rediyonsa ne ya yi shiru, ba ya shiga ƙidaya.

Don haka masana suke auna maganar kanta. Tsarin Rabat kan kalaman tunzura ƙiyayya, wanda ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya jagoranta a 2012, ya ce a duba yanayin da aka yi maganar, da matsayin mai yin ta, da niyyarsa, da abin da ta ƙunsa, da nisan da ta kai, da yiwuwar ta jawo ɓarna. Yawan masoya ba ya cikin abubuwan da ke sassauta laifi. Hasali ma yana ƙara wa mai makirufo nauyi, tunda maganarsa ta fi kai wa nesa. Gidan rediyon RTLM na Ruwanda yana da ɗimbin masu sauraro a 1994 saboda kaɗe-kaɗensa da barkwancin ma'aikatansa, kuma a 2003 kotun ƙasa da ƙasa da ke Arusha ta sami ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi, Ferdinand Nahimana, da laifin tunzura kisan ƙare dangin da aka yi a Ruwanda a 1994. Ba ina haɗa waccan ta'asa da kuskuren faifai ba ne, ina nuna maka ne cewa farin jini ba shaida ba ne.

A nan gida, wariyarmu ba kasafai take zuwa da rigar fari da baƙi ba. Takan zo ne a goranta wa mutum asalin bauta, ko sana'ar gidansu ta fawa ko ƙira, ko ƙabilarsa, ko kuma a ji daga unguwar Kara-Kara yake, wadda aka kafa don kutare a Damagaram, sai a canza fuska. Sashe na 102 na kundin hukunta laifuka na Nijar ya tanadi ɗaurin shekara 1 zuwa 5 ga nuna wariyar launi ko ƙabila da farfagandar ɓangaranci da ka iya haɗa ƴan ƙasa faɗa, kuma tun 2003 doka ta mai da bauta babban laifi. Uzurin da za ka fi ji shi ne wasa ne. Gaskiya ne wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani, ko Gobirawa da Zabarmawa, gado ne mai daraja wanda UNESCO ta sa cikin kundinta a 2014, amma sharaɗinsa shi ne abokin wasa yana nan zai rama. Mai makirufo yana magana ne da dubban mutanen da ba su da bakin mayar masa, kuma babu taubasantaka a kiran mutum bawa.

Shi ma wanda aka kora yana da haƙƙi. A ƙarƙashin dokar ƙwadago ta 2012 ba a sallamar ma'aikaci sai da dalili karɓaɓɓe, kuma yana iya kai kuka wurin sufeton ƙwadago don sulhu, in an gaza a wuce kotun ma'aikata. Matsalar ita ce da yawa daga masu shirye-shirye a tashoshi masu zaman kansu ba su da rubutacciyar kwangila, abin da ke wahalar da ƙararsu. Idan irin wannan ta taso a Damagaram, abin da ya kamata masoya su nema shi ne a saurari faifan shirin gaba ɗaya ba guntun da ke yawo a WhatsApp ba, a ji ta bakin mutumin kafin a yanke hukunci, a ji ta bakin waɗanda maganar ta shafa, sannan a duba ko gargaɗi, ko ban haƙuri a iska, ko dakatarwa za su wadatar kafin a kai ga kora.