Amsa kan biyan mai ba da shawara don ya rubuta wa ƙungiya dosiye

Assalamu alaikum. Ƙanena, ka ce ƙungiyar matan garinku da ke wajen Gidan Runji tana yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, wani mai ofishin ba da shawara a nan Maraɗi ya nemi kuɗi zai rubuta muku dosiyen neman tallafin inji, kana tambaya ko ku biya. Na daɗe ina aiki da ƙungiyoyin karkara, bari in faɗa maka abin da idona ya gani.

Neman shawara ba laifi ba ne, kuma mai ilimi ya cancanci ladan guminsa. Amma kafin ku ciro ko dala, ku tambaye shi yaushe zai zo garinku. In ya ce ba sai ya zo ba, ku aiko masa da sunaye kawai, to ku riƙe kuɗinku. Na taɓa ganin dosiyen wata ƙungiya, an ɗinke shi tsaf, da na buɗe sai ga sunan wani gari daban a shafi na ciki, an manta ba a goge ba. Kuɗin adashensu matan nan suka kwashe suka biya. Har yau abin yana ci min rai.

Mai shawarar kirki tabarma yake shimfiɗawa ya zauna da mata ranar aiki. A auno tiyar gyaɗa a gabansa, a soya, a kai niƙa, a tuƙa, a matse, ya ga man da ya fita da tunkuzar da ta rage. Sannan a yi lissafi da baki, kowa na ji: kuɗin gyaɗa, itace, niƙa, jarka, kuɗin mota zuwa kasuwa, da wahalar matan kansu, wadda kusan kullum ba a sa ta a lissafi. Sau da yawa a nan ake gane cewa man uwar kuɗi kawai yake mayarwa, ribar tana cikin ƙuli-ƙuli. Ga kuma man jarka na waje da ke karya farashi. Mu da ke bakin iyaka, dole mai shawarar ya san yadda faɗuwar naira ke juya kasuwa tsakanin Ɗan Isa da Jibiya, ya kuma tuna abin da rufe iyaka ya yi wa ƴan kasuwa a 2019 da 2023.

Ni a ganina, matsalarku ta farko ba inji ba ce, jarin sayen gyaɗa ne da kaka. A Oktoba da Nuwamba tana araha, da bazara ta shigo sai ta yi tsada, inji ya kwanta babu abin niƙawa. Shi ya sa nake son ku bincika tsarin jinginar amfanin gona: a zuba buhuna a mangaza mai kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya wajen ƙungiya, ɗaya wajen mai ba da bashi, a ba ku wani kaso na kuɗin kayan ku juya, in kun biya a buɗe muku. Akwai shekarun da farashi ba ya tashi yadda aka zata, don haka mai shawarar ya lissafa muku ruwan bashin da kuɗin ajiya tun kafin ku sa hannu.

Kada kuma ku raina abin da ke hannunku. Tsarin Mata Masu Dubara a jihar nan ta Maraɗi ƙungiyar agaji ta CARE ta fara shi a 1991, da ɗan zubin mako a akwati, yanzu ya bazu ƙasashe da yawa. Littafin zubi da na bashi da aka riƙe da gaskiya ya fi dosiye mai ado nauyi a idon mai ba da kuɗi. In ba ku da rajista, dokar 2010 ta OHADA, hukumar daidaita dokokin kasuwanci ta wasu ƙasashen Afirka, ta ba mutum biyar damar kafa ƙaramar ƙungiyar haɗin gwiwa.

Kafin ku biya kowa, ku fara leƙa CRA, zauren manoma na jiha, da ma'aikacin gona na gundumarku, su ma suna ba da shawara. In har kun yanke za ku ɗauki mutumin nan, ku rubuta yarjejeniya: kashi ɗaya yanzu, sauran bayan ya zo gari ya karanta wa mata aikin da Hausa sun amince. Kada ya yi muku alkawarin tallafi, ba a hannunsa yake ba. Ku nemi ya haɗa ku da wata ƙungiya da ya taɓa yi wa aiki, shugabarku da ma'ajiyarku su je da kansu su ji daga bakin matan can. Allah ya sa albarka, ka gaishe min da iyayenmu mata.