Tambaya da Amsa: Kantin Yadin Bargon Faci

Tambaya: Assalamu alaikum. Na daɗe ina ɗinka bargon faci, irin wanda ake harhaɗa ƙananan ƙyallaye a sama, a shimfiɗa auduga a tsakiya, a sa shafi a ƙasa, a bi da ɗinki. Yanzu ina so in buɗe ɗan kanti na tsofaffin yadika da sababbin da aka buga da zanen na da. Jarina ba yawa. Da wanne zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Zuba mafi yawan jarinki a na kwaikwayo, wato sababbin da aka buga da zanen na da. Tsohon yadi shi zai sa a leƙo kantin, amma na kwaikwayo ne zai biya kuɗin haya. Tsohon yadi tsintuwa ne: yau ki sami yadi biyu, gobe ƙyalle guda, in ya ƙare kuma shi ke nan. Alhali shafin bargon babban gado kaɗai yakan ci yadi takwas ko tara.

Iri biyu aka fi nema. Akwai zanen zamanin yaƙin basasar Amurka, 1861 zuwa 1865, mai ruwan ƙasa da shuɗin baba da ja mai duhu da ƙananan furanni. Akwai kuma na shekarun 1930, mai launuka masu haske kamar ruwan hoda da kore mai sanyi. Ɗauki ɗaya ki cika shi sosai. Rabi nan rabi can ba ya isar kowa ya haɗa bargo guda.

Ga inda sababbin shiga ke faɗawa rami: sai su sari abin da ya burge idonsu, kanta ta cika da launuka masu matsakaicin duhu. Zanen faci kuwa ba ya fitowa sai haske ya zauna kusa da duhu. Don haka raba sarinki uku, mai haske da matsakaici da mai duhu. Fari mai ɗigo-ɗigo ba ya ɗaukar ido a kan kanta, amma shi zai riga kowa ƙarewa.

Bandir yakan zo da yadi 10 zuwa 15, faɗinsa inci 42 zuwa 44. Daga kowane bandir yanke yadi biyu, ki raba kowane yadi gida huɗu, ko wane ƙyalle inci 18 da 22. Masu faci sun fi son wannan yankan a kan siririn kwata mai inci 9, domin ana fitar da manyan murabba'ai daga cikinsa. Ki ɗaure su shida-shida ko goma-goma masu dacewa da juna. Kuma ki sani kamfanoni ba su cika sake buga zanen da ya ƙare ba, in ma sun sake, rinin kan ɗan bambanta. Ki riƙa gaya wa mai saye ta ɗauki abin da zai ishe ta tun yanzu.

Tambaya: Yaya zan gane tsohon yadi na gaske, kada a sayar mini da sabo?

Amsa: Fara da tef ɗin awo. Yadin auduga na kafin shekarun 1960 yawanci inci 36 ne faɗinsa, na ƙarni na 19 ya fi haka ƙanƙanta. In kika ga inci 44 da sunan kamfani da ɗigon launuka a jere a gefe, to ki sa alamar tambaya.

Buhunan gari da na abincin dabbobi da aka riƙa yi da yadi mai zane a Amurka daga shekarun 1930 zuwa 1950 suna da tasu shaida. Ɗaga ƙyallen ga haske, za ki ga layin manyan hudoji a gefe, inda zaren ɗinkin buhun ya bi. Saƙarsa ma ta fi ta yadin yau sakwarkwacewa.

Sai gwajin wuta. Zare ɗan zare daga gefe ki ƙona. Auduga takan yi warin takarda ta bar toka mai laushi. In ya narke ya dunƙule ya yi tauri, akwai roba a ciki, ba tsohon da ake faɗa ba ne.

Tsufa kuma ba inganci ba ne. Kama yadin da hannu biyu ki ɗan ja. In ya yage ba gardama, ya ruɓe, kada ki saya ko nawa aka rage miki. Ki fi sa ido kan baƙi da ruwan ƙasa na ƙarni na 19, saboda sinadarin ƙarfe da aka kama rinin da shi yana cin zaren, har ki ga furannin zanen sun zama hudoji, sauran yadin lafiya lau.

Tambaya: In wanke su kafin in sayar? Kuma ina zan ajiye su?

Amsa: Na kwaikwayo kada ki wanke, wannan zaɓin mai saye ne. Tsoho kuwa, jiƙa farin ƙyalle ki goga a kusurwa tukuna. In ya ɗauki launi, zai zuba a wanki, sai ki rubuta hakan a takardar da kika maƙala masa. Wanda bai zuba ba, in yana warin ajiya, wanke shi da hannu a ruwan sanyi, ki shanya a inuwa a shimfiɗe.

Kada ki jera yadi a bakin taga. Rana takan kodar da ninkin da ke fuskantarta, sai ki warware bandir ki ga farin layi daga farko har ƙarshe. Kada ki ɗora tsohon yadi kan katako tsirara, yana bar masa tabo ruwan ƙasa, sai ki shimfiɗa wankakken farin yadi tukuna. Leda ma a guje ta, tana riƙe laima ta kawo fumfuna. Duk bayan 'yan watanni ki sake ninki ta wani wurin.

Ki ware wa tsofaffin kantarsu daban, kowanne da takarda mai nuna awonsa, shekarun da kike zaton an yi shi, da duk tabo ko hudar da ke jikinsa. Su a sayar da su ƙyalle-ƙyalle yadda suka zo, kada almakashi ya taɓa su.