Kabad ɗin Mama yana zubar da gari, an ce in shafe shi da baƙin mai da fiya-fiya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba, barka da aiki. Dan Allah a taimaka min da shawara hankalina a tashe yake. Mahaifiyarmu ce ta rasu bara, da aka zo rabon kaya sai na ɗauki tsohon kabad ɗinta na jere, irin mai gilas a sama da durowa uku a ƙasa, Babanmu ne ya saya mata da kuɗin Udoji, ƙarin albashin nan da aka yi wa ma'aikata, tun ba a haife ni ba. To yanzu kullum na share ƙarƙashinsa sai in ga wani gari mai laushi kamar fulawa, ga ƙananan ramuka a bayansa da cikin durowoyin. So nake in gyara shi da kaina in maida shi kicin, ƙasa kayan abinci sama kuma faranta da kofuna. Maƙwabciyata tace in samo baƙin mai wajen bakanike in haɗa da fiya-fiya in shafe shi ciki da waje, wai haka aka yi wa gadonta. Har na aika an sayo sai maigida yace in dakata in tambaya tukuna, ga shi ina goyo yarinyar ta fara rarrafe. In shafa ne ko kabad ɗin ya riga ya mutu? Daga wata 'yar uwa, Badarawa.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya jiƙan Mama ya kai haske kabarinta, maigidanki kuma Allah ya yi masa albarka da ya riƙe miki hannu. Kar ki shafa. Kafin ki gama karanta wannan ma ki tashi ki ɗauke kwalbar nan daga inda hannun yaro zai kai, baƙin man kuma a maida wa bakaniken kayansa.

Kabad ɗin bai mutu ba. Ban gan shi ba amma kayan da aka yi wajen 1975 na san su kamar yunwar cikina, yawanci jikinsu madaci ne ko loko, su kuwa waɗannan itatuwa zuciyarsu ƙwaro baya iya ci. Abin da yake ci shi ne farin gefen katako da filawud ɗin baya da gindin durowa, inda kafinta ya yi tsimi ya sa afara ko obeche. Kin ce a baya da cikin durowa kike ganin ramuka, to maganata ta fito. Kuma tunda gari ne mai laushi ba tarin ƙasa kika gani manne a jiki ba, ba gara ba ce, ɗan ƙwaron nan ne mai huda katako.

Yanzu bari in zo kan maƙwabciyarki, ba ita kaɗai ba, dan wallahi babu satin da zai wuce a rumfata nan wajen Panteka a Kaduna ba a kawo min gado ko kujera ko wadirob da aka yi wa wannan ta'asa ba. Mutum zai shigo yana murmushi yace Baba ai na riga na yi masa magani, gyara kawai za ka yi. Tun kafin a sauke daga a-kori-kura warin ya riga ya gaya min maganin.

Wannan ramin da kike gani ƙofar fita ce ba ta shiga ba. Uwar ƙwaron tana saka ƙwai ne a ƙananan ƙofofin katakon da ba a shafe ba, tsutsa ta ƙyanƙyashe ta yi watanni a can ciki tana ci, wani lokaci har shekara, sai ta zama ƙwaro ta huda ta fito, garin ya zubo. Wato ramin da aka cika da guba mai shi ya riga ya tashi, 'yan uwansa kuma suna can ciki inda babu rami tukuna. Baƙin mai kauri gare shi, iyakarsa sama-sama, baya kai wa gare su. Ita kuma fiya-fiya, abin da ke cikinta yawanci dichlorvos ne da ake kira DDVP, shi ne dai wanda ke cikin Sniper, kuma halinsa tashi yake bi iska. To ina zai tashi ya je? Cikin ɗakinki. Tsutsar na kwance cikin katako lafiya lau, ke da 'yarki kuna shaƙa dare da rana. Ga shi a kicin kike so ki ajiye, gari da shinkafa da manja duk masu ɗaukar wari ne, ki rufe su cikin akwatin da ke fitar da guba, sannan ki tuƙa tuwo da su.

Kuma guba ce da ba sai an sha ba, ta fata ma tana shiga. Akwai yarona ɗaya da ya ɗauki durowar wani gado da aka kawo, ashe jiya-jiya aka jiƙa ta ba a faɗa mana ba, ya rungume ta a ƙirji cikin rana yana gumi ya kai ta baya ya hau gurza. Ba a yi awa biyu ba na ga yaro ya zauna a kan benci zufa na tsiyaya, yawu na dalala, yana cewa ƙirjinsa ya riƙe, da na duba idonsa ƙwayar ta tsuke ta zama kamar kan allura. Mashin muka sa shi sai asibiti. Allah ya sa da sauran kwana. Ƙato ne mai shekara ashirin fa, to ki kwatanta da jaririyar da ke rarrafe, ta dafa ƙafar kabad ta miƙe, ta maida hannu baki, dan yaro a wannan shekarun komai a baki yake gane shi. Mai gadon da na kira shi abin da ya ce min shi ne, ai kowa haka yake yi.

Kowa haka yake yi! Wannan kalma ta fi komai ƙona min rai. Tun 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben irin wannan magani a kasuwa da shaguna, aka ce na gona ne ba na ɗaki ba, amma yau ki shiga Kasuwar Barci ko ki tsaya a bakin titi za ki ga mai tire ko mai baro da 'yan kwalabe babu suna babu takarda, wani ma a garejin gida aka haɗa da kananzir, shi kansa mai sayarwa bai san ƙarfin abin da ke ciki ba, sai kirari kawai, maganin sauro maganin kyankyaso maganin kuɗin cizo. Doka na kan takarda kasuwa na ci. Sai kuma 'yan feshi na zamani, duk wanda ya sayi jarkar goyo ya zama likitan ƙwari, babu takunkumi babu safar hannu, ya fesa katifa da filo ya karɓi kuɗinsa yace a rufe ɗaki awa ɗaya a shiga.

Akwai wadda ta fi wannan muni, na san idan baƙin mai bai yi ba ita za a kawo miki, ƙwayar nan da ake jefawa a buhun wake da masara wadda wasu ke ce wa bom. Za a ce ki nannaɗe kabad da leda ki jefa biyu ciki ki bar shi a falo. Wannan ƙwaya da ta ji danshi take sakin iskar fosfin, tana ratsa leda, tana bi ta ƙarƙashin ƙofa da silin ta shiga ɗakin maƙwabci, kuma ba ta da makari, likita sai dai ya tallafi mutum ya jira ikon Allah. Yara ta fi fara ɗauka cikin barci. Ko kyauta aka ba ki kar ta kwana gidanki. Kuma tunda magana ta zo, in tsautsayi ya sa wani ya taɓa ko ya sha irin waɗannan, a cire masa kaya a wanke jiki da sabulu a ruga asibiti da kwalbar a hannu, a bar ɗura wa mutum manja da madara ana neman ya yi amai, lokaci kawai ake ɓatawa kuma ana iya shaƙe shi.

Shi baƙin mai ko da babu fiya-fiya a ciki, dauɗar inji ce, ƙarafa da ƙonannen abu duk suna ciki, shi ya sa bakanike mai hankali baya barinsa a hannu. Inda mutane suka samo abin daga katakon rufi ne, sun ga ana shafa wa katako kafin a buga kwano, to wancan yana sama babu mai taɓawa babu mai cin abinci a kai, kuma ba wanda zai yi masa banish. Ta fuskar sana'a kuwa duk katakon da ya sha baƙin mai ya gama yawo. Gam baya kama shi, fenti baya zama, banish sai ya yi sati yana danƙo yana tara ƙura. Na taɓa kankare wani gadon madaci sau uku, in ga ya yi fes, da zafin Afrilu ya buga sai man ya sake tsattsafowa ya ɓata katifa da zanin gado, ƙarshe sai da muka cire allon kan gaba ɗaya. Gado mai shekara arba'in ƙwaro bai kashe shi ba galan ɗaya ya kashe shi, gyaran gangar Auzinawa kenan. Abin da Mama ta yi shekaru tana gogewa da tsumma amana ne a hannunki, lafiyar yarinyar nan ma amana ce za a tambaye ki, kuma addini bai yarda ka cutar da kanka ko wani ba, balle a kan ƙwaron da bai kai ƙwayar shinkafa ba.

To ga abin da za ki yi. Ki zare gilasan ki adana, ki fidda durowoyi, ki ɓanɓare filawud ɗin baya. Ki ɗauki sukudireba ki riƙa danna wuraren ramukan, inda ya lotsa kamar biskit ya tafi, a yar, inda ya yi tauri yana nan. Kusan na tabbata bayan ne da gindin durowa za su tafi, ki ƙone su a waje nesa da yara, sabon filawud rabin falle ya ishe ki, masu katako za su yanka miki daidai awo.

Sauran jikin kuma rana ce maganinsa. Katakon da ake ɗora kaya a kwantena, in kin ga tambarin HT a jikinsa ma'anarsa an gasa shi har cikinsa ya kai digiri 56 na minti 30, wannan kaɗai ya isa ya kashe ƙwai da tsutsa ba tare da ɗigon guba ba. Mu kuma Allah ya ba mu kyauta, ki nannaɗe shi da baƙar leda mai kauri ki like bakin, ki ajiye a kan siminti tsakar gida lokacin bazara, Maris zuwa Afrilu, kwana uku kina juya shi. Da damina ba zai yi ba, kar ki wahalar da kanki. Gam ɗin da zai iya saki, ba komai dama sake haɗawa za ki yi. Bayan nan ki share shi tas ki shimfiɗa baƙar leda a ƙarƙashi sati biyu, in sabon gari bai zubo ba an gama. In kuma ya zubo daga ƙafa mai kauri da zafi bai ratsa ba, ki nemi boras, wani farin gari mai kama da gishiri, wajen masu sayar da kemikal, ki narka a ruwan zafi ki shafa sau biyu, amma sai a katakon da aka kankare dan baya ratsa banish. Shi ma a ɓoye shi daga yara.

Gurzawa kin sani, samfefa lamba 80 sai 120 sai 220, bi da tsawon katako. Abu ɗaya, in an taɓa yi masa fentin mai a sama, tsohon fenti kan zo da dalma, ki jiƙa kafin ki gurza, a waje, da takunkumi, yarinyar tana ɗaki. Mu da muka ji abin da dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba sai an yi mana dogon bayani ba. Ramuka ki kwaɓa garin katakon da kika gurza da gam ɗin katako na Top Bond ki cike. Inda haɗi ya saki ki kankare tsohon gam tukuna, ki sa sabo, ki ɗaure tam da robar tub ɗin mashin ya kwana, ta fi ƙusa aiki, ƙusa tsaga tsohon katako take yi. Sai sila, wato shafin farko mai toshe ƙofofin katako, sai banish hannu biyu ko uku marasa kauri, ciki da waje har ƙarƙashin ƙafafu da sabon bayan, dan katakon da aka rufe ƙofofinsa ƙwaron baya samun inda zai saka ƙwai. Tina da ake sirka su da ita, ita da wuta ba sa shiri, nesa da gas da kurfoti. Kuma ki bar shi a buɗe a inuwa har warin ya fita gaba ɗaya kafin abinci ya shiga.

Dan Allah in kin kankare kika ga jan madaci ya fito kar ki rufe shi da farin fenti irin na 'yan yayi, wannan ra'ayina ne dai, kabad naki ne, amma irin wannan katako yanzu ko da kuɗinki sai kin sha yawo.

A kicin ki ɗora ƙafafun a kan 'yan robobi saboda ruwan wanke-wanke, kar ya jingina da bangon da ke jiƙewa da damina, sannan a ɗaure samansa da bango da ƙarfe da sukuru biyu, dan nan da shekara yarinyar za ta fara jawo durowa tana takawa, kabad mai gilas kuma nauyinsa a sama yake. Ita kuma maƙwabciyar taki ki tambaye ta cikin hikima waye ke kwana a kan gadon nan, in da yara a fitar da shi tsakar gida yau, ta turo min hotonsa in ga ko akwai abin da za a ceta.